Tambarin Lambu: Darasin Suzhou da Tsara Shaidar Gani ga Lambun Gargajiya a Malam Inna, Gombe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tsara wa lambun gargajiya shaidar da ido zai gane shi da ita a wannan zamani, wato suna da tambari da launi da salon rubutu da alluna. Ta ɗauki lambunan birnin Suzhou na ƙasar Sin a matsayin madubi, sannan ta dawo da darasin gida, zuwa unguwar Malam Inna da ke cikin garin Gombe, inda aikin gyaran kwari ya bar doguwar gaɓa da za ta iya zama lambun jama'a. Hanyar da aka bi ita ce kwatanta al'adun zane biyu da kuma duba yanayin wurin. Matsayar maƙalar ita ce, tambarin da zai daɗe daga cikin lambun ake ciro shi: daga itatuwansa, da ƙasarsa, da sunayen da mutanen wurin suke kiran abubuwa da su. A kan haka ta ba da shawarar a gina shaidar a kan itacen gawo da ƙofar zaure, ta kuma kawo gwaje-gwaje huɗu da za a auna ingancin aikin da su.

Muhimman kalmomi: lambu, tambari, shaidar gani, Suzhou, Malam Inna, gawo.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Malam Inna a ƙafa zai ga unguwa ce mai magana da alluna. Kasancewarta maƙwabciyar Jami'ar Jihar Gombe ya sa ɗalibai suka cika ta, sana'o'in da ke bin ɗalibi kuma suka biyo su. Mai shagon kwafi yana da allonsa, mai cajin waya yana da nasa, haka mai abinci da tela da mai aski. Kowa ya gane cewa idan ba a san da kai ba, ba za a zo wurinka ba. Amma itacen da ake fakewa a inuwarsa a sha iska, babu abin da ke faɗin sunansa, ko wanda ya dasa shi, ko wanda ke da alhakin kula da shi. Abin da ba shi da suna kuwa, a idon jama'a ba shi da mai shi, kuma abin da ba shi da mai shi shi ne farkon abin da gatari ke ci, ko a mayar da gindinsa juji.

Daga nan tambayar wannan maƙala ta taso. Idan aka ƙuduri kafa lambu mai tsarin gargajiya a wannan yanki, wace fuska za a ba shi har yaro ɗan firamare da direban Keke Napep da baƙon da ya sauka daga Abuja su gane shi da kallo ɗaya? Ta yaya za a yi wannan fuska ta dace da allon waya ba tare da ta rabu da ƙasar da lambun ya tsiro a kai ba?

Na zaɓi ƙasar Sin don kwatanci domin Sinawa sun riga mu shiga wannan matsala. Suna da lambuna masu ɗaruruwan shekaru, kuma sai da suka nemi hanyar gabatar da su ga mutanen da suka fara ganin duniya ta fuskar waya. Manufar kwatancin ita ce a ɗauko hanyar tunaninsu. Siffofinsu nasu ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Lambu a wurin Bahaushe wurin aiki ne tun asali. Fili ne a fadama ko bakin rafi, an kewaye shi da shinge, ana ban ruwa da jigo ko guga, yanzu kuma da injin ban ruwa, ana fitar da albasa da tumatir da latas da rake, gefe guda ga mangwaro da gwaiba da lemo. Wurin hutu kuwa daban yake: gindin ceɗiya ko durumi a ƙofar gida, da dandali, da inuwar zaure. Saboda haka idan aka ce lambun gargajiya a wannan maƙala, ana nufin wurin da ya haɗa waɗannan biyun, amfani da hutu, da itatuwan ƙasarmu da salon gininmu.

Tambari kalma ce mai fuska biyu a Hausa. Akwai tambarin sarauta, gangar da ba a kaɗa wa kowa sai sarki, wadda jin amonta kaɗai ya isa a san wane ne ya fito. Akwai kuma tambarin kamfani ko hukuma, zanen da ake gane ta da shi. Aikinsu ɗaya ne: sanarwa daga nesa, ba tare da dogon bayani ba. Kusa da shi akwai hatimi, wanda sarakuna da alƙalai suke bugawa a wasiƙa don a tabbatar daga ina ta fito, da shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa don ya gane ta a cikin garke, da take da kirari da ke bambanta wani basarake da wani. Wannan yana nuna cewa tunanin yi wa abu alama daɗaɗɗe ne a wurinmu.

Shaidar gani kuwa ita ce jimillar duk abin da ido ke haɗuwa da shi: sunan wuri, tambarinsa, launukansa, irin haruffan da yake rubutu da su, allunan hanya, tikiti, rigar ma'aikaci, da hoton shafinsa a Facebook ko WhatsApp. Tambari gaɓa ɗaya ce kawai a jikin wannan shaida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya mai zane ya yi tambari, a ɗauka an gama, alhali sauran gaɓoɓin kowace na tafiya inda ta ga dama.

3.0 Lambunan Suzhou da Yadda Suka Sami Fuska

Suzhou birni ne a lardin Jiangsu, kusa da Shanghai, mai yawan magudanan ruwa. A shekarar 1997 hukumar UNESCO ta sanya lambunansa huɗu a jerin kayan tarihi na duniya, a shekarar 2000 aka ƙara biyar, suka zama tara. Mafi tsufa a cikinsu shi ne Canglang Ting, wanda mawaƙi Su Shunqin ya kafa a ƙarni na 11, zamanin daular Song. Mafi girma kuma shi ne Zhuozheng Yuan, mai faɗin kimanin hekta biyar, wanda wani jami'in gwamnati da ya ajiye aiki, Wang Xianchen, ya fara ginawa a wajajen 1509, zamanin daular Ming.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, waɗannan lambuna sun sami fuska tun kafin a san wani abu wai shi tambarin zamani. A shekarar 1533 mai zane Wen Zhengming ya zana wurare 31 na Zhuozheng Yuan, kowane wuri da sunansa da rubutunsa. Kowace rumfa da kowane zaure a lambun suna da suna, an rubuta shi da kyakkyawan hannu a allo an kafa a saman ƙofa. Baƙo yana tafiya yana karanta lambun kamar littafi. Sunan da allon suna cikin ginin tun daga tushe.

Abu na biyu shi ne ƙarancin kayan aiki. Farin bango, rufin tayil mai ruwan toka, katako mai duhu, ruwa, gora, da duwatsu masu ramuka da ake ɗebowa daga tafkin Taihu. Sai ƙofa mai siffar cikakken wata, da tagogi masu saƙar zane waɗanda ake hango ɓangaren gaba ta cikinsu. Waɗannan 'yan abubuwa aka yi ta maimaitawa har suka zama da zarar an ga da'irar ƙofa a farin bango, zuciya ta tafi Suzhou.

Abu na uku dabara ce da Ji Cheng ya bayyana a littafinsa na fasahar lambu mai suna Yuanye, wanda ya kammala a 1631. Dabarar ita ce aron gani: a tsara lambu yadda dutse ko hasumiyar da ke nesa, a wajen katanga, za ta shigo cikin abin da mai zaune a ciki yake kallo. Ƙaramin fili sai ya zama kamar ba shi da iyaka.

Da zamani ya zo, masu zane na Sin da suka yi nasara su ne waɗanda suka tace waɗannan abubuwa maimakon su tara su. Misali mafi bayyana shi ne gidan tarihi na Suzhou, wanda mai zanen gine-gine I. M. Pei ya tsara, aka buɗe a 2006, bango da bango da Zhuozheng Yuan. Ya riƙe fari da ruwan toka, ya riƙe ruwa da dutse, amma ya yi aiki da ƙarfe da gilashi da layuka miƙaƙƙu. Ginin sabo ne ƙal, kuma ba wanda zai kalle shi ya ce na wani gari ne. Haka tambarin wasannin Olamfik na Beijing na 2008 ya ɗauki siffar jan hatimin gargajiya na Sin, aka zana mutum mai motsi a cikinsa. A birnin Portland na Amurka ma, lambun da magina daga Suzhou suka gina aka buɗe a 2000, daga baya an sauya masa suna zuwa Lan Su, sunan da ya haɗa gaɓa daga sunayen biranen biyu. Masu shi sun gane cewa gajeren suna mai ma'ana ya fi dogon bayani zama a baki.

Darussa uku ke nan: a fara da suna, a taƙaita kaya, a kuma ciro siffa daga abin da ke wurin. Akwai kuma gargaɗi. Duk inda aka rasa tunani, sai a liƙa jan launi da hoton dodon nan mai kama da maciji a ce an yi abin Sin. Irin wannan alama tana nuna ƙasa baki ɗaya, ba ta nuna lambu ɗaya tilo.

4.0 Taskar Zane ta Gida

Mu ma muna da irin wannan tarkon, kuma sunansa Dagin Arewa. Alama ce mai kyau da tarihi, tana jikin gine-gine da riguna da fatu, kuma tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta zama tutar yanki. Amma yau tana kan buhun shinkafa da gidan biki da ƙungiyar siyasa da shagon atamfa. Idan aka ɗora ta a kan lambu a Gombe, abin da za ta faɗa shi ne "Arewa", ba za ta ce "Gombe" ba, balle "Malam Inna". Tarko na biyu shi ne koren ganye guda da ake saukowa da shi daga intanet, wanda kamfanin taki a Indiya da asibiti a Turai duk suke amfani da irinsa.

Alhali taskar tana da faɗi. A gini akwai tubali da makuba, da zanko a kusurwar soro, da bakan gizo da ke ɗauke da rufi, fasahar da ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Mikaila ya gina a ƙarni na 19. Akwai zanen bango na tsofaffin gidajen Kano da Zariya. A ɗinki akwai aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga. A rini akwai shuɗin baba na karofin Ƙofar Mata. A saƙa akwai faifai da tabarma. Akwai zayyanar allo da ɗalibi ke yi idan ya sauke Alƙur'ani. A ƙasar Gombe da kwarin Gongola kuma akwai sassaƙar ƙwarya da ƙona ta da wuƙa mai zafi, sana'ar da matan Fulani da Tera da Waja suka shahara da ita.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci. Jihar Gombe, wadda aka cire daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, gida ce ga Fulani da Tera da Bolewa da Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya da Jukun da Kanuri da Hausawa. Hausa ce harshen kasuwa da titi, amma shaidar lambun jama'a tilas ta zama wadda ɗalibi daga Kaltungo da ɗalibi daga Nafada za su tsaya a gabanta su ɗauki hoto, kowa yana jin tasa ce.

Hanyar haɗa tsoho da sabo ma ba baƙuwa ba ce a nan. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Kiransu shi ne a koyi dabarun zamani a zuba musu ruhin gida. Abin da Pei ya yi a Suzhou a 2006, yaran Zariya sun yi wa'azinsa kusan shekara hamsin kafin nan.

5.0 Malam Inna: Wuri da Tarihinsa

Garin Gombe na yanzu ya zama hedikwatar masarauta a 1919, bayan Gombe Abba da Modibbo Bubayero ya kafa a zamanin jihadi, da kuma Nafada. Garin yana zaune a kwari, tudu na yamma da shi, ƙasarsa kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Da damina ruwa kan gangaro da ƙarfi, ya yi ta cin ƙasa har ya haƙa kwaruruka masu zurfi a tsakiyar unguwanni. Mutanen Malam Inna sun san wannan a jikinsu, domin kwarin da ya taso daga wajen jami'a ya ratsa ta unguwarsu zuwa Kagarawal ya daɗe yana barazana ga gidaje da hanyoyi, kafin a gyara shi a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya.

Kankare yana tare ruwa, amma saiwa ce ke riƙe ƙasa. Gaɓar kwarin da aka gyara tana buƙatar itatuwa da ciyawa irin jema, tana kuma buƙatar idon jama'a don kada ta koma wurin zubar da shara. A nan ne shawarar lambu ta samo tushe.

Akwai abubuwa biyu da suka share fage. Na farko, Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ta gaji son itace daga shugabanta na farko, marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi wanda aka san shi da dashen itatuwa tun yana shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello. Inuwar harabar jami'ar shaida ce a kan abin da haƙuri da ban ruwa za su iya yi a wannan ƙasa. Na biyu, a 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka fi sani da 3G, da burin dasa miliyan guda a kowace shekara. Dashe kuwa rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne reno, reno kuma yana bin ƙauna, ƙauna tana bin sani. Aikin shaidar gani shi ne ta samar da wannan sanin.

6.0 Tsarin da Maƙala ke Ba da Shawara

6.1 Suna

Sunan da ya fi dacewa shi ne wanda baki ya riga ya saba da shi: Lambun Malam Inna. Kalma uku, ba ya buƙatar fassara, kuma mai Keke zai kai ka ba tare da tambaya ba. A guji laƙaba wa wurin sunan mai mulki, domin mulki yana juyawa, sunan unguwa kuwa yana nan. Bisa darasin Suzhou, kowane sashe na ciki ya sami nasa suna da allonsa: Inuwar Tsamiya, Zauren Karatu, Bakin Rijiya, Fagen Yara, Lambun Magani. Mazauna unguwa, musamman dattawa da mata, su ne za su zaɓi sunayen a zaman shawara da mai unguwa.

6.2 Tambari

Shawarar ita ce a gina tambarin a kan abubuwa uku kacal: bakan ƙofar zaure, itacen gawo a tsakiyarta, da layi ɗaya mai lanƙwasa a ƙasa, alamar ruwan kwari da aka shawo kansa.

Dalilin zaɓen ƙofar zaure shi ne, ita ce iyaka tsakanin waje da ciki a gidanmu, wurin sallama da karɓar baƙo. Matsayin da ƙofar wata take da shi a Suzhou, shi ƙofar zaure take da shi a nan: tana yi wa abin kallo firam. A ginin lambun ma za a iya saita ƙofofin yadda mai zaune zai hango duwatsun da ke gefen gari ta cikinsu, wato aron gani da kayan gida.

Gawo kuwa yana da hujjoji da suka fi na sauran itatuwa. Darbejiya ta fi yawa a titunan Gombe, amma baƙuwa ce daga yankin Indiya, a ƙarni na 20 ta shigo. Kuka tana da kwarjini, sai dai ta zama alamar Afirka baki ɗaya a tambura marasa adadi. Gawo, wanda masana tsirrai ke kira Faidherbia albida, yana da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Itace ne da manomi da makiyayi suka haɗu a kan ƙaunarsa, kuma a jihar da zaman lafiyar waɗannan biyun yake da tsada, wannan ma'ana ce babba. Tarihi ma ya san darajarsa: sarakunan Damagaram sun hana sare shi, kuma yana cikin manyan itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da gonakinsu da su tun daga shekarun 1980, ta hanyar renon tohon da ke fitowa da kansa.

Wannan ɗabi'a tana ba mai zane wata dama da ba kasafai ake samu ba. Tambarin zai iya zama da riga biyu. Da rani, gawo mai cikakken ganye a kan jar ƙasa. Da damina, rassa tsirara a kan koriyar ƙasa. Siffa ɗaya ce, launi ne ke juyawa da shekara. Duk yaron da ya tambayi dalilin sauyin ya koyi darasin kimiyya a tsaye.

6.3 Launi

Launi uku sun isa: jan ƙasa irin na makuba, kore mai duhu, da farin auduga, don tuna matsayin Gombe a noman auduga. Shuɗin baba zai shigo a layin ruwa kawai. A zaɓe su da sanin yanayi. Ƙurar hunturu tana dusashe fari fat da baƙi wuluk cikin 'yan makonni, zafin bazara kuma yana cinye ja mai haske. Jan ƙasa yana da fa'idar cewa ƙura ba ta ɓata shi, domin kusan launinsu ɗaya. A kuma tabbatar kowane launi akwai fentinsa a kasuwar Gombe, yadda idan allo ya koɗe ba sai an aika Legas ba.

6.4 Rubutu

A nan ne ayyuka da yawa suke faɗuwa. Yawancin haruffan ado na kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Sai a ga an rubuta "kofa" a maimakon "ƙofa", ko kuma harafi mai lanƙwasa ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka. Sharaɗi na farko wajen zaɓen haruffa shi ne su ƙunshi dukkan baƙaƙen Hausa da na Fulfulde, manya da ƙanana. Sunan lambun a babbar ƙofa ya zo da boko da ajami, kuma ajamin a ba mai rubutun allo ya rubuta da alƙalaminsa da warash ɗin da aka saba da shi a tsangayu, sannan a ɗauke shi zuwa kwamfuta. Dattijon da bai yi boko ba zai karanta, kuma hannun ɗan'adam zai bar ɗuminsa a jikin shaidar, kamar yadda rubutun hannu yake a allunan Suzhou.

6.5 Alluna da Sauran Kaya

Kowane itace ya sami ƙaramin allo mai sunansa da Hausa, da Fulfulde, da wani harshen jihar, da sunan kimiyya, da jimla ɗaya a kan amfaninsa. Misali kuka, ɓokki, Adansonia digitata. Tsamiya, jaɓɓi, Tamarindus indica. Haka ɗorawa da kaɗanya da kanya da aduwa da giginya da marke. A ƙasan allon a rubuta sunan makaranta ko ƙungiya ko layin da ya ɗauki nauyin renon itacen. Zanen gefen alluna a ɗauko shi daga ƙwaryar yankin, da izinin masu sana'ar da kuma ladansu. Kayan tsaraba kuma su fito daga hannun masu sana'ar unguwa: faifai, hula, ƙwarya, jakar fata, da dashen itace a leda mai ɗauke da tambari.

7.0 Gwaji, Mallaka da Ƙalubale

Kafin a amince da kowane zane, a yi masa gwaji huɗu. Na ɗaya, gwajin mai fenti: a ba mai rubutun alluna na unguwa ya zana shi a bango da buroshi, ba tare da kwamfuta ba. Idan ya gagare shi, zanen ya cika tarkace. Na biyu, gwajin kwafi: a buga shi baƙi da fari, a sake kwafe kwafin, a ga ko yana nan. Na uku, gwajin waya: a ƙanƙanta shi ya zama hoton shafin WhatsApp, a duba ko ana gane shi. Na huɗu, gwajin yaro: a nuna wa ɗan aji huɗu na ɗan lokaci, a ɗauke, a ce ya zana a ƙasa. Tambarin da yaro ya iya zanawa da tsinke ya shiga zuciya.

Bayan haka a rubuta ɗan littafin ƙa'ida da Hausa da Ingilishi, mai nuna girma da launi da abin da aka hana, a raba wa masu buga takardu da masu fenti da teloli. A yi wa tambarin rajista a ofishin rajistar alamun kasuwanci na tarayya da sunan kwamitin amintattu da ya haɗa unguwa da jami'a da masarauta da hukuma, kuma yarjejeniya da mai zane ta fayyace haƙƙin mallaka tun farko. Zanen kansa a fitar da shi ta gasa tsakanin ɗaliban manyan makarantun jihar, kowane ɗalibi a haɗa shi da mai sana'ar hannu guda.

Ƙalubale mafi girma shi ne tazara tsakanin allo da abin da ke bayan allo. Tambari alkawari ne. Idan baƙo ya bi kyakkyawan allo ya tarar da busassun dashe da leda, shaidar ta zama shaidar zur, kuma gyara sunan da ya ɓaci ya fi kafa sabo wuya. Don haka a jinkirta ƙaddamar da shaidar har sai an tabbatar da ruwa, da mai gadi, da mai shara, da kuɗin shekara. Gawo ma ba itacen gaggawa ba ne, yana ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa, saboda haka a dasa shi tun ranar farko tare da masu saurin girma. Sai batun mata da iyali: a ware lokaci da sashe da alama bayyananniya, domin lambun da uwa ba za ta iya kai 'ya'yanta ba bai cika na jama'a ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa lambunan Suzhou sun sami fuskar da duniya ta sani ta hanyar suna, da taƙaita kaya, da ciro siffa daga wurin kansa, kuma waɗannan hanyoyi uku suna da takwarorinsu a tambari da hatimi da zanen gida. Ta nuna cewa Malam Inna tana da fili a gaɓar kwarin da aka gyara, tana da maƙwabciya mai ilimin tsirrai, tana da matasa masu hannu da waya. Ta kuma ba da shawarar suna, da tambarin gawo a ƙofar zaure mai riga biyu, da launi uku, da rubutun boko da ajami, da gwaji huɗu.

Kira na ƙarshe ga masana harshe da masana tsirrai da masu zane shi ne su fara da aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi: a zaga Malam Inna da Kagarawal da Tudun Wada, a ƙirga itatuwan da ke tsaye, a tambayi dattawa sunayensu da harsunan jihar, a rubuta, a rataya wa kowanne allonsa. Ranar da yaron unguwa ya tsaya a gindin itace ya karanta sunansa, ya ga sunan makarantarsa a ƙasa, ranar itacen ya sami mai shi.